Hanyar da Ban Kashe Ba

Ranar Laraba da hantsi Kawu ya cika. Na Allah ne mu duka, gare Shi za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Kafin azahar zauren gidansa a Fassi ya cika maƙil. Mutanen Kibiya sun zo, na Saji sun zo, har da wasu tsofaffin fatake biyu daga Rurum da aka ɗoro a kan jakuna saboda ƙafa ta daina ɗaukarsu. Ni ɗan ƙanwarsa ne, gidana da nasa danga ɗaya ce ta raba, don haka ni aka zaunar kusa da liman ina amsa gaisuwa.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Bakina yana amsawa, kunnena yana bayan zaure. Wani ya ce mutumin kirki ne, bai taɓa sa hannu a kayan wani ba. Wani ya rage murya ya ce, "Allah sarki, jagaban da ya ɓatar da ɗan cikinsa a kan dutse." Samarin da ba su san komai ba kuwa, tambayar juna suke yi, "Wai tsohon nan mai zane a ƙasa ne ya rasu?" Abin da ya rage masa ke nan a bakin mutane, ɗa da ya ɓata da zane a ƙasa. Na ji kamar in tashi in kwashe su da mari, sai na tuna ni ne na fi kowa cancantar marin.

Da muka ɗauki makara muka kai inda hanyar maƙabarta ta rabu da ta masallaci, sai na gaba suka ja suka tsaya. Ga zane nan a kwance ya ratsa hanyar maƙabarta daga gefe zuwa gefe, wanda ya ja da sandarsa jiya da la'asar, ko akuya ba ta taka shi ba. Liman ya ce, "Ku wuce mana, jama'a, zane ne kawai." Suka tsallaka. Ɗaya daga cikin tsofaffin fataken nan ya rufe fuska da hannun riga, don shi ya san ma'anar abin.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su yi fatauci da ƙafa ba. Ayari dogo ne, na gaba ba ya ganin na baya. Idan jagaba, wato mai tafiya a gaba yana nuna hanya, ya iso inda hanya ta rabu biyu, sai ya rufe wadda ba za a bi ba, don kada na baya su ɗauke ta. Wannan shi muke cewa kashe hanya. A ƙasarmu mai yashi, zane da sanda ya isa, ko ka tsinko ganye ka watsa. Kawu jagaba ne tun kafin zuwan Turawa. Ɗan ƙaramin mutum, ga manyan ƙafafu masu faso, ga baki kamar barkono. Ba ya hira a hanya. Shi ke fara ɗanɗana ruwan kowane rafi kafin a sha, shi ke ƙarshen sa hannu a akushi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Na kusa da ni ba ya bukatata, yana ganin ƙeyata. Ni jagaban mutumin ƙarshe ne."

Da Turawa suka buɗe haƙar kuza a tudun nan na kudu, sai aka tara ma'aikata a can babu abinci. Fatake suka shiga kai musu dawa da kanwa a kan jakuna. Kawu ya san duwatsun tun yana kai wa mutanen can kanwa, don haka kowane madugu shi yake nema. Shekarar da na yi aure, damina ta kusa ɗaukewa, ya ce mu biyu za mu bi shi, ni da ɗansa na fari. Ɗan nan nasa taubashina ne, sa'ana kuma, dukanmu mun ajiye gemu. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna ƙanana ba ya kirana sai da "bawana".

"Bawana, ɗaure mini jakina."

"Ɗaure abinka, ubangijin da ba shi da wando biyu."

Haka muka yi ta yi har muka wuce Tudun Wada. Mu mutanen nan, dutsen Rano muke gani mu ce tsawo ya ƙare. A kwana na shida muka fara ganin wasu baƙaƙen abubuwa a gabanmu, na ɗauka hadari ne. Kawu ya ce, "Hadarin nan za ka hau da ƙafarka jibi." Taubashina ya yi dariya ya ce ai bawansa ne zai goya shi.

Mashigin da za mu bi, fatake suna ce masa Maƙogwaro, wani ɗan tsukukun wuri can sama tsakanin duwatsu biyu. Da safen da za mu hau, gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen, ba ka ganin komai daga rabinsa. Kawu ya dube shi ya ce ba za a tashi ba yau. Madugu, wani ƙaton mutumin birni mai son a ji muryarsa, ya ce dawa ta sha ruwa kwana biyu, in aka ƙara kwana za ta tsiro a cikin taiki.

"Ta tsiro ɗin, mu yi kunun tsiro," in ji Kawu.

"Ko dai tsoro kake ji, jagaba?"

"Ƙwarai kuwa. Tsoron nan ne ya kai ni ga furfura. Kai da ba ka ji, sau nawa ka hau?"

Suka yi ta yi har Kawu ya jefar da sandarsa. Amma ayari na madugu ne. Da ya ga ana ɗora kaya, sai ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya tofar da yawu, ya wuce gaba. Ya ce in tsaya kusa da shi. Ɗansa kuwa ya bar shi can ƙarshe, saboda jakinsa ya tsage kofato yana ɗingishi.

Ban taɓa sanin akwai sanyi irin wannan a duniya ba. Muna hawa muka shiga cikin gajimaren, ba ruwa ake yi ba amma komai ya jiƙe, gemu yana ɗiga. In ka miƙa hannu da kyar kake ganin yatsunka. Jakuna suna zamewa, muna turo su da kafaɗa. Wani dattijo mai ɗauke da ƙunshin barkono ya zauna ya ce shi a bar shi a nan. Kawu ya tuɓe bargonsa ya yafa masa, ya zage shi tas, ya ɗora kayan a kansa, tsohon ya tashi don kunya. Haka Kawu yake, alherinsa da zaginsa tare suke zuwa.

Dab da Maƙogwaro hanya ta rabu. Ta hagu mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, duk wanda ya gan ta ita zai bi. Ta dama kuwa siririya, sai ka karkata. Ta hagun nan masu cire zuma ne suke bi, tana kai ka kan wani falalen dutse mai santsi da ya gangara ya yanke, ƙarƙashinsa rami. Kawu da kansa yake kashe ta kowace tafiya. Ranar nan, yana isa wurin sai aka yi ihu a gaba, jaki ya kife da kaya a cikin tsukukun ya toshe hanya. Ya kama hannuna ya nuna mini.

"Kashe wannan. Da dutse, ka ji ni? Ka jera su har gwiwa. Ban da ganye."

"Na ji, Kawu."

Wallahi na ji shi sarai. Ba zan ce iska ta ɗauke maganar ba. Na durƙusa na kama dutse na farko, yatsuna sun mutu da sanyi, dutsen ya kafe a laka. Na ciro biyu, a na uku farcena ya ɓalle. Na dubi jinin, na dubi gajimaren, na ji muryoyin na gaba suna nisa, tsoro ya kama ni kada a bar ni ni kaɗai. Na ce a raina, a gida ganye nawa muka watsa, wa ya taɓa ɓata? Ga wata bishiya a gefe mai ɗanyen ganye lub-lub. Na karyo reshe babba, na shimfiɗa a bakin hanyar, na ruga na bi su. Ban tuna cewa akwai jakuna fiye da ashirin a bayana da suka wuni ba su ci komai ba.

Muna fita ta ɗaya gefen sai ga rana, ga fili kore shar. Mutane suka zube suna hamdala. Kawu bai zauna ba, ya tsaya a bakin mashigin yana duban kowa da ke fitowa. Na tsakiya suka fito. Dattijon nan mai bargo ya fito. Daga nan shiru. Ya jira, ya jira, sai ya juyo gare ni.

"Ka kashe?"

"Na kashe."

"Da me?"

Ba ni ya ci gaba da kallo ba, wani jaki ne a kusa da mu, koren kumfa a bakinsa, ga guntun ganye yana reto a leɓensa. Kawu ya sa hannu ya cire ganyen, ya murza shi a yatsunsa. Ya juya ya koma cikin gajimaren da gudu, na bi shi.

A mararrabar muka tarar da duwatsuna biyu da sandar reshen, an gwaguye ta fes an ja ta gefe. Sawun jaki mai ɗingishi ya bi hagu. Kawu ya yi ta kiran ɗansa da sunan da ban taɓa jin ya kira shi da shi ba, don ɗan fari ne, dutse yana maido masa da muryarsa. Mutanen kan dutsen, waɗanda suka san Kawu shekara da shekaru, su suka zo da igiyoyinsu na cire zuma suka sauka. Sai bayan la'asar suka hauro da shi. Igiyar jakin tana naɗe a wuyan hannunsa, ya ƙi sakin dabbar ne ta ja shi suka tafi tare.

Babu ƙasa mai zurfi a can. Muka tona abin da ya samu, muka yi masa sutura da rawanin madugu, muka rufe da duwatsu saboda kuraye. Da safe na kasa ɗaga guda goma. Da yamman nan ban san iyakar waɗanda na ɗauko ba, kuma ban ji sanyi ko kaɗan ba.

Madugu ya tara mutane ya ce a gaya masa yadda aka yi. Na buɗe baki, Kawu ya taka mini ƙafa har sai da na ji ƙashi.

"Ni ne jagaba," in ji shi. "Hanya ba ta mutu ba, ni ne ban kashe ta ba."

A hanyar dawowa, a bakin wani rafi, ya kira ni gefe kamar zai sa ni aiki. Ya ce, "Ƙanwata ɗa ɗaya gare ta, kai ne. Gidajenmu danga ce tsakani. In matata ta ji, dangar nan ta zama katanga har abada. Na bar ɗaya a kan dutse, ba zan je gida in binne wani da ransa ba. Rantse ba za ka faɗa ba muddin ina numfashi." Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Dutse ma ka ce ba za ka iya ba. Rantse." Na rantse.

Matar Kawu, wadda nake kira Inna, ta fito tsakar gida da ƙwaryar ruwa da ta ji kukan jakuna. Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi bayanmu. Kawu ya ajiye hular ɗansu a kan turmi ya faɗa mata abin da ya faɗa wa madugu, kalma ɗaya bai ƙara ba. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa wasa da shi a gaban mutane ba, yanzu kuma kunya ba ta bar ta ta yi kururuwa ba. Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a ƙasa maimakon ta miƙa masa, ta shige ɗaki.

Daga ranar nan Inna ba ta sake ce wa Kawu sannu da zuwa ba. Ta yi masa tuwo, ta wanke masa riga, da ya yi ciwon haƙarƙari ita ta yi jinyarsa. Amma ya dawo daga gona ko kasuwa ko jana'iza, ya yi sallama, ta amsa sallamar don ta Allah ce, shi ke nan. Shekara talatin da wani abu. Ta dangar ina jin shigowarsa, ina jin ɗan tsayawar da yake yi a bakin ƙofa kamar mai jiran wani abu, sannan ya ja ƙafa ya wuce.

Babu madugun da ya sake nemansa. Ya koma noman dawa da gyaɗa, shi da bai iya riƙon fartanya da kyau ba. A lokacin ne ya fara zanen. Duk inda hanya ta rabu, ko daga gida zuwa masallaci ne, sai ya tsaya ya ja sanda a kan wadda ba zai bi ba. Yara suna binsa suna kwaikwayo. In an tambaye shi ya ce, "Akwai na baya." A waiwaya, babu kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ni ta mayar ɗa. Akwai 'yar kafa a jikin dangar da muke ratsawa ba sai mun zagaya ta zaure ba. Ta nan take miƙo mini fura mai sanyi, ta nan take kirana in ta ga ƙanzo ya yi kyau. "Zo ka ci, abokin wancan." Ba ta iya faɗin sunansa, sai wancan. Ina ci ina cewa an gode. Da aka haifa mini ɗa namiji, Kawu ne ya jawo ragonsa ɗaya tilo, ya raɗa wa yaron sunan mamacin. Na rasa ko tausayina ya ji ko hukunci ne, har yau ban sani ba.

Bai taɓa yi mini gori ba, ko da ido. Sau ɗaya kawai. Awaki suna shiga mini gona ta wata kafa, na saro ɗanyun rassa na cusa. Ya zo wucewa ya tsaya. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya jefar, ya tafi ya jawo busasshiyar ƙaya ya danna a wurin da ƙafarsa, ya kaɗe hannu ya wuce masallaci. Na zauna a kunyar gona na yi kuka kamar mace mai naƙuda.

Bayan rasuwar mahaifiyata na same shi a gindin tsamiya na ce, "Kawu, wadda ka yi dominta ta tafi. Ka sake ni in faɗa."

"Don wa za ka faɗa?"

"Don kai. A daina cewa kai ne."

"Ƙarya kake, don kanka ne. Kaya sun yi maka nauyi kana neman tsohuwar matata ka sauke mata a ka. Ni ta rasa, kai take da shi. Ɗauki abinka, malam, ka ga ni na ajiye nawa?"

To, yanzu ba ya numfashi. Rantsuwa ta sauka. Kwana bakwai ina juya maganarsa, na san abin da zai ce, na san zagin da zan sha. Amma na ji abin da aka faɗa a bayan zaure, kuma na san in na mutu da shi a ciki, sunan da zai bi Kawu ke nan har jikokin jikoki. Mutumin da ya haura Maƙogwaro sau ba adadi bai taɓa rasa ko akuya ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabari, Ya sa hanyar da ya bi ta ƙarshe ta fi duk waɗanda ya nuna wa mutane sauƙi. Ban iya na bar shi da laifina ba.

Washegarin sadakar bakwai da hantsi, baƙi sun watse, na ratsa ta kafar dangar. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu. Sandar Kawu tana jingine a inda ya saba ajiye ta. Na durƙusa daga nesa.

"Abokin wancan, ka karya kuwa?"

"Inna, magana na zo da ita."

Na faɗa mata duka. Duwatsu biyu, farcen, reshen, jakin. Na faɗa mata abin da Kawu ya ce da ni a bakin rafi da abin da ya ce a gindin tsamiya. Carbin ya tsaya a hannunta. Kaza ta zo ta yi tsattsage a gefen tabarmarta ta wuce.

"Ya ce maka da dutse?"

"Ya ce."

"Ka ji shi?"

"Na ji shi."

"Tashi ka tafi gida."

Na tashi. Ina sunkuyawa zan ratsa kafar sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba. Na waiwaya. Sandar take kallo.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji ta. "Sannu da hanya."

Sai ta saki kukan da ta riƙe tun ranar ƙwaryar ruwa, har maƙwabta suka fito.

Da gari ya waye na nufi dangar don in gaishe ta kamar kullum. Kafar a rufe take. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga tulu, ban san yadda ta yi ta jawo abin ba. Na sa hannu na taɓa, ya soke ni. Busasshiyar ƙaya ce, an danna ta sosai har gwiwa, babu ganye ko ɗaya a jikinta.